Nonon Hajiya Fassouma a Hannun Hukuma

Safiyar wata Talata, makonni shida da suka wuce, maƙwabcina Malam Chaïbou ya fito da ƙaramar kula a hannu, ya ce mini minti ashirin zai yi ya dawo. Ƙarfe goma sha ɗaya ta yi masa yana tsaye a wani dogon lungu na jami'a, sanye da farar riga har gwiwa, safar hannu biyu-biyu, tabarau irin na masu walda, da hular leda da ta naɗe masa kunnuwa. Kafin a ba shi kayan nan sai da ya kalli bidiyo na minti arba'in a kan yadda ake wanke hannu, ya amsa tambayoyi goma sha biyu, ya faɗi, ya sake. Mutumin da ya fi shekara arba'in yana alwala sau biyar a rana, kwamfuta ta ce bai iya wanke hannu ba.

Duk shirin nan kuwa ba don ya shiga ɗakin binciken ba ne. Don ya tsaya a bakin taga ya leƙa ne kawai. Ta cikin gilashi aka nuna masa wani ƙaton firji da aka manna wa jar takarda, aka buɗe, ya hango 'yar robar bota mai ruwan ɗorawa a hawa na uku, aka mayar aka rufe.

"Ita ce," in ji shi. "To a miƙo mini."

Wadda ke tsaye kusa da shi ita ce Madam Nanret, jami'ar kula da lafiyar ɗakunan bincike, mutuniyar Filato, mai Hausa tas da wani ƙaton fayil rungume a ƙirji. Ta dube shi da tausayi.

"Malam Chaïbou, ba zan iya ba. Robar nan tana ƙarƙashin umarni."

"Umarnin wa? Ni na kawo ta gida, ni na cinye botar da ke ciki da burodi."

"Ba robar ba, Malam. Abin da ke ciki."

Bari in koma baya, jama'a, don wanda bai san abin da ke cikin robar ba zai ɗauka maƙwabcina ya taɓu.

Chaïbou mutumin Madawa ne, ta Nijar, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke kan titin Wendover. Matarsa, Hajiya Fassouma, ita ce mai kindirmon da duk Bahaushen Greensboro ya sani. Wanda ya taɓa dama fura da shi ba ya sake kallon na kanti. Sirrin kuwa yana cikin iri, wato ɗan tsohon nonon da ake ɗiga wa sabuwar madara don ta kama. Nata irin na mahaifiyarta ne. Ranar da za ta baro gida, tsohuwar ta tsoma wani farin ƙyalle cikin ƙwaryarta, ta shanya a inuwa, ta ninke, ta cusa mata a jaka. Yadda ƙyallen ya wuce filin jirgi ba hurumin wannan shafin ba ne. Abin da na sani, shekara goma sha tara Hajiya tana sabunta irin nan duk bayan kwana uku. Ya bi su ƙaura sau uku. Ya ga guguwar da ta ɗauke wuta kwana biyar, Hajiya tana tattalinsa da ƙanƙara kamar jinjiri. Da mahaifiyar ta rasu, Hajiya ba ta samu zuwa ko sadakar arba'in ba. Abin da ya rage mata na tsohuwar ke nan.

Sai ga Ruwaida, 'yar Zariya, uwar yara biyu, tana zaune a unguwar Glenwood tana digirin digirgir a fannin kimiyyar abinci. Ta sha nonon a wani suna, ta ajiye ludayi, ta ce wannan shi ne binciken da take nema. Ta roƙi Hajiya cokali biyu. Hajiya ta ce nonon uwarta ba ya zuwa lakwal, wato makaranta. Ruwaida ta koma wurin maigida, ta durƙusa har ƙasa, ta ce masa Baba, ta ce za a rubuta sunansa a shafin godiya. Chaïbou, wanda ba a taɓa rubuta sunansa ko'ina ba sai a jadawalin aiki, ya faki idon Hajiya ya cika robar bota ya miƙa ta taga.

Watanni suka shuɗe, ya ma manta. Sai 'yarsu Yasmina ta haihu a Ohayo, Hajiya ta tafi wankan jego na kwana arba'in. Kafin ta shiga mota sau uku ta faɗa masa: ya sha yadda ya ga dama, amma ya rage na iri, ya sabunta. Kuma a yi masa adalci, wata guda cur ya riƙe amana. Ranar talatin da uku ya dawo daga aiki da wata irin yunwa, ya dama fura, ya juye nonon duka, ya shanye. Don ya nuna shi ma miji ne na zamani, ya ɗauki kwanon ya wanke da sabulu, ya dirje, ya ɗauraye, ya kife. Yana tsaye yana sha'awar yadda kwanon ke ƙyalli, sai ya tuna.

Shi ya sa washegari ya ɗauki kula ya nufi jami'a.

Madam Nanret ta zaunar da shi a ofishinta ta buɗe fayil. Ta ce daga can sama wani Mai Girma Ma'abocin Biro ya sa hannu a kan umarni: duk binciken da ake ƙara wa ƙwayoyin halitta ƙarfi a dakatar da shi, a rufe kayan aikin, har sai an tantance.

A nan zan tsaya in faɗi gaskiya, kada a ce mai wannan shafin ba ya yabon komai. Tsoron ba na banza ba ne. Akwai masu ɗaukar ƙwayar cuta su yi ta horar da ita a kwalba don su ga iyakar ɓarnar da za ta iya yi, kuma in kwalbar ta fashe ba su kaɗai za su yi tari ba. Duk wanda ya ga shekarar da muka yi sallah da tazara tsakanin kafaɗu ya san ba wasa ba ne. Chaïbou ma bai musa ba. Ya ce, "Wannan daidai ne. To ina ruwan nonon matata?"

Ruwaida, wadda ke zaune a gefe cikin ofishin, ita ce ta amsa, kanta a sunkuye. Ashe jami'a ba ta da wanda zai karanta takardun bincike ɗari huɗu ɗaya bayan ɗaya, sai aka ba kwamfuta ta farauto kalmomi. Ita kuwa Ruwaida, don ta burge malamanta, ga abin da ta rubuta a kan nonon Hajiya: ya fito daga ƙasar waje, yana da ƙarfi ƙwarai, yana saurin yaɗuwa, yana murƙushe duk wata ƙwayar da ta kusance shi, ya daɗe yana yawo gida-gida cikin al'umma, kuma burin binciken shi ne a ƙara masa ƙarfi.

"Kwamfutar har ƙara ta yi," in ji Madam Nanret. "Naki ne na ɗaya a jerin, Ruwaida. Kin wuce mai binciken sauro."

"To ku goge," in ji Chaïbou. "Ku rubuta nono."

"Da ka zo makon jiya da na goge. Akwai takardar bayani da ta ba ni dama. Ranar Alhamis aka aiko da takardar bayanin takardar bayanin, ta janye damar." Ta shafa fayil ɗin. "Ka ga koren shafin nan umarnin wani Mai Biro ne na da. Shuɗin shi ne na wanda ya soke shi. Jan shi ne ya soke shuɗin, amma ya bar sakin layi na huɗu. Malam, wanda na karanta maka yanzu ban yi maka alƙawarin zai kai la'asar ba."

Ya tuɓe musu rigarsu ya dawo gida da kula wayam.

Kwana shida ya yi yana sintiri. Ya cike fom na mallaka, aka ce ya kawo shaidar shi ne mai ƙwayoyin. Ya ce ba nasa ba ne, na surukarsa ne. Aka ce ta sa hannu. Ya ce ta rasu. Aka ba shi wani fom ɗin na magada. Ranar da Hajiya za ta dawo, dabara ta ƙare masa, ya shiga kanti ya ɗauko yogot mafi kauri, ya juye a kwanonta, ya rufe da faifai, ya yi addu'a.

Hajiya ko mayafi ba ta cire ba. Ta buɗe firji, ta ɗaga faifan, ta tsaya. Ba ta ɗanɗana ba ma.

"Malam, wane ne wannan baƙon a kwanona?"

Ya soma da cewa zafi ne, sannan kuran, wato wutar lantarki, ta ɗauke, sannan firigon, wato firjin, ya tsufa. A jimla ta huɗu ya ji kunyar kansa ya faɗi gaskiya. Ya shirya wa ihu. Da ma ihun ta yi. Sai ta ja kujera ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya, ta daɗe tana kallon kwanon.

"Ka cinye mini uwa," ta ce a hankali, "kuma ka wanke kwanon."

Maƙwabcina ya ce tun da yake ba a taɓa faɗa masa maganar da ta yi masa ciwo irin wannan ba. Dole ta sa ya tona laifinsa na farko don ya rage na biyu. Ya ce akwai saura, yana jami'a, shi ya ba Ruwaida a ɓoye. Hajiya ta ɗago ta dube shi. Ya ga farin ciki ya gifta a idonta, fushi ya biyo baya ya kore shi.

"To je ka ɗauko."

"Hukuma ta riƙe shi."

"Mi ya yi musu?"

Daga ranar magana ta ɗauke a gidan. Abinci yana nan a kan lokaci, kayansa a wanke a goge, gaisuwa ba ta fasa ba, amma bayan "ina kwana" babu wata kalma. Chaïbou ya rame. A sito ya ɗaga kayan Dalas ya loda a motar Dakota.

Ranar Juma'a bayan an idar, a filin ajiye motoci, ya kai kuka wurin Alhaji Muntari, direban tasi da ke sauraron rediyo awa goma a rana, wanda saboda haka babu abin da bai sani ba.

"Matsalarka ɗaya ce," in ji Alhaji Muntari. "Umarni kake fama da shi. Shi umarni biro guda ke haifarsa, biro guda ke kashe shi, in Mai Biro ya tashi da ciwon kai ma sai ya canja. Yanzu masu yin doka sun ce za su mayar da abin dindindin. In ya zama doka, a zauna a rubuta mene ne haɗari, mene ne ba haɗari ba, kowa ya huta."

"Yaushe za su gama?"

"Ai sun kusa. Tun bara waccan suke cewa sun kusa." Ya gyara hula. "Amma ka yi sa'a. Tawagarsu ta jin ta bakin jama'a za ta zo Laraba, otal ɗin nan na kan Wendover. Minti biyu-biyu ake ba kowa. Ka je."

Ya je, da babbar rigarsa ta Idi. Ni ma na bi shi, don irin wannan ba a barin a ba ka labari.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Jagoran Tawagar Sauraro lafiya, mutum ne mai kishin talaka. Don ya saurare mu, ya zo da baƙaƙen motoci shida, ya makara minti hamsin, ya yi jawabin minti talatin a kan muhimmancin sauraro. Minti ashirin da biyar suka rage wa jama'a. An jera furanni a gabansa har ba ma ganin komai sai goshinsa, shi ma goshin a sunkuye yake kan waya. Farfesoshi suka tashi. Wani ya ce in ba a yi dokar ba duniya za ta ƙare. Wani ya ce in aka yi ta ilimi zai ƙare. Jagora ya gode wa kowannensu da kalmomi iri ɗaya.

Aka kira Chaïbou, aka karya sunan gida uku. Ya tsaya gaban makirfo da Turancinsa na sito. Ga fassarar abin da ya ce, ban ƙara gishiri ba:

"Ranka ya daɗe, ni ban yi karatu ba. Amma ina da aboki, Zakaria, tare muke ɗaga kaya shekara tara. Shekarar annoba ya shiga asibiti, ba a bar mu mun gan shi ba, ba a bar mu mun yi masa wanka ba. Don haka duk mai wasa da abin da zai kashe mutane, ku riƙe masa hannu da ƙarfi. Ku rubuta shi doka, wadda ba za ta canja ba don an canja biro. Ina goyon baya. Amma don Allah, in kun zo rubutawa, ku sa layi guda da zai bambanta cuta da karin kumallo. Nonon surukata yana kulle a firigo mako uku, matata kuma kwana goma sha shida ke nan ba ta…"

Jar fitila ta kama, makirfo ya mutu.

Aka yi tafi. Wata mata ta share ido. Kafin ya kai ƙofa, masu son dokar suka tare shi suka yi hoto, suka ce ga talaka ya nemi a gaggauta. Masu ƙin ta suka ja shi gefe suka yi nasu, suka ce ga talakan da tsaurin doka ya raba da iyalinsa. Duka biyun suka ba shi hula mai rubutu. Jagora da kansa ya riƙe masa hannu ya ce maganarsa ta taɓa masa zuciya, kuma batun madarar jarirai yana sahun gaba da zarar sun dawo hutu. Daga baya Alhaji Muntari ya ji a rediyo wai an liƙa wa daftarin dokar aikin wata gada da batun kiwon zuma, yanzu a kan gadar ake faɗa.

Amma hoton ya yi amfani ta inda ba a zata ba. Ya isa jami'a, jami'a kuwa ba ta son hoto. Nan da nan aka kira zaman gaggawa na Kwamitin Fassara Umarni, ƙarƙashin Ranka-ya-daɗe Shugaban Kwamiti, wanda tun da aka naɗa shi ba a taɓa ganinsa ba sai ta allon kwamfuta. Suka zauna sau uku suka fito da hukunci mai cike da hikima. Idan abin da ke cikin robar abinci ne, umarni bai shafe shi ba. Hujjar cewa abu abinci ne ita ce a ga mutum ya ci. Sai dai haramun ne a ci komai a cikin ɗakin bincike. Haramun ne kuma a fitar da robar waje kafin a tabbatar abinci ce.

Ruwaida ta ce ai akwai ɗakin ɗanɗano a ƙasan bene. Aka ce ɗakin ɗanɗano abinci kawai ake kaiwa.

Chaïbou ya kawo takardar gida, ya tsaya a ƙofar kicin ya fassara wa bango, don ya san Hajiya na ji. Da ya gama ta kashe murhu.

"Gobe ka kai ni."

Kalma huɗu. Ya ce ji ya yi kamar an yi masa bushara.

Hajiya ta kalli bidiyon wanke hannu, ta cinye tambayoyin a karo na farko. Ta ɗora farar rigar a kan atamfa, hular leda a kan ɗankwali. Ta gaisa da Madam Nanret, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi yara. Ruwaida ta durƙusa tana ba da haƙuri, Hajiya ta ce tashi ɗiyata, ke roƙo kika yi, na san ɓarawona. Sannan ta juya ga mai fayil.

"Madam, ke ma uwa ta haife ki. Babu hanya?"

Madam Nanret ta duba hagu ta duba dama. Ta ce ta kwana biyu tana bin fayil ɗin nan layi-layi. Littafin ya yi magana a kan ciki. Ya yi magana a kan waje. Bai ce komai ba a kan bakin ƙofa.

Haka aka yi, jama'a, ni ganau ne, don ni aka rubuta a matsayin shaida na biyu. Aka buɗe ƙofar ɗakin binciken. Ruwaida ta tsaya daga ciki da robar nonon da aka narkar da ƙanƙararsa, da cokalin roba. Hajiya ta tsaya daga waje, ta dafa bango, ta miƙa wuya. Madam Nanret ta tsuguna da abin awo ta tabbatar bakin Hajiya yana daidai saman layin ƙarfen da ke ƙasa, bai shiga ba bai fita ba. Aka ɗora kwamfuta kan kujera, Ranka-ya-daɗe Shugaban Kwamiti ya bayyana a allo yana cin wani abu a kwano.

Cokali ya taho. Hajiya ta yi bismillah ta karɓa. Ta lumshe ido. Na ga maƙogwaronta ya motsa, na ga ruwa ya taru a bayan tabarau ɗin walda.

"Sanyi ya dake shi," ta ce. "Amma shi ne."

Muka juya ga allo. Shugaba ya daskare, baki buɗe, cokalinsa a iska. Da hoton ya dawo ya ce bai gani ba, a sake. Aka sake. Ya ce ya gani, amma sakatariya ba ta danna ɗaukar bidiyo ba. Aka sake na uku, wani mamba ya shigo a makare ya ce shi ba zai sa hannu a kan abin da bai shaida ba. Robar bota kuwa kun san girmanta. Chaïbou ya leƙa ya ga gindinta ya soma bayyana, gumi ya keto masa.

"Hajiya, a hankali, ki rage na iri!"

Ta juyo da kai kaɗan, bakinta bai bar layi ba, ta yi masa wani kallo da ya sa ya koma bayana ya ɓuya.

A karo na huɗu Ruwaida, Allah ya yi mata albarka, ta dangwalo abin da bai fi ƙwayar gero ba, Hajiya ta haɗiye shi da ƙara don kowa ya ji. Aka ce ta zauna minti talatin a ga ko za ta faɗi. Ta zauna tana jan carbi ta cikin safar hannu. Ba ta faɗi ba. Shugaba ya gyara murya ya sanar cewa kwamiti ya gamsu, abin da ke cikin robar abinci ne.

Bai rufe baki ba Madam Nanret ta buɗe wani shafin. Ta ce tun da abinci ne, to an karya ƙa'ida babba, domin haramun ne a ajiye abinci a firjin bincike. Dole a fitar da shi daga ginin cikin minti goma. Ta faɗa da fuska a ɗaure, amma na ga gefen bakinta yana rawa. Abin da aka hana mu wata guda, sai ga shi ana tura mana shi ana cewa mu yi sauri. Mai gadi har gudu ya yi ya riƙe mana lif.

Cokali ɗaya da rabi ya rage. A mota Hajiya ta ƙi sa robar a kula, ta rungume ta. Muna kan danja wayar Chaïbou ta yi ƙara, Madam Nanret ce. Ta ce yanzun nan sabuwar takardar bayani ta iso, ta haɗa har da bakin ƙofa. Ta tambaya ko mun fita daga harabar jami'a. Ya ce mun fita. Ta ce to ita ba ta kira ba.

A gida Hajiya ta tafasa madara, ta bari ta huce har ta iya tsoma ɗan yatsa, ta ɗiga irin, ta rufe, ta lulluɓe da bargo. Babu wanda ya san ko zai tashi bayan watannin da ya yi a ƙanƙara. Washegari da hantsi Chaïbou yana zaune a falo ya kasa ko shan shayi, ya ji an ɗaga murfi. Sai muryarta ta fito daga kicin.

"Malam, ya kama."

Ya ce bai san lokacin da ya yi sujada a kan kafet ba. Ta dama fura ta aiko mini da kwano, ta aika wa Madam Nanret, ta aika wa Alhaji Muntari. Shi ma ta zuba masa, rabin ludayi, ta zauna tana kallonsa har ya shanye, sannan ta ba shi labarin jikan da ta baro a Ohayo, tun daga haihuwa har aski.

Ita Ruwaida, an ba ta takardar gargaɗi saboda ajiye abinci a wurin aiki. Bincikenta kuma yana nan a tsaye. Kafin a rufe firjin ta riga ta raini ƙwayoyin nonon a ƙananan kwalabe guda takwas, kwamiti ya ce su waɗannan ba a ga wanda ya ci su ba, don haka suna nan a matsayin haɗari har sai doka ta fito. Duk Asabar tana zuwa gidan Hajiya da 'ya'yanta su sha haɗarin da fura, ta koma ta ci gaba da jira. In masu yin doka ba su gama da gadarsu ba kafin bazara, shekara guda ta karatunta ta tafi. Ba ta ce a yi watsi da dokar ba. Cewa ta yi a rubuta ta, a gama, ta san inda za ta tsaya.

Jiya na wuce ta jami'ar na tambayi lafiyar kwalaben. Madam Nanret ta ce lafiyarsu lau. Kowace tana da lamba, tana da fayil, akwai mai gadi, akwai janareta na musamman in wuta ta ɗauke, kuma in dokar ta fito yadda aka tsara ta yanzu, babu mai ikon fitar da su daga ƙasar nan har abada. Na faɗa wa Chaïbou. Ya girgiza kai, ya ce shi shekara goma sha ɗaya ya yi yana bin layi kafin a ba shi takardar zama, ga nonon Madawa ya samu tasa ko intabiyu ba a yi masa ba.